Dillali na neman la'ada kafin ya ba ni takardun gida

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a Abuja. Wani dillali ya nuna mini gida mai ɗakuna uku a Kubwa, mun daidaita kan farashi, amma ya dage sai na biya kafin alƙalami da la'adarsa, kashi 5 cikin 100, sannan ya haɗa ni da mai gidan. Na nemi kwafin takardar mallaka domin lauyana ya bincika a AGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Abuja, sai ya turo hoton da lambar fayil ba ta fito ba. Yau mako uku ke nan, kullum zancensa wani mai saye na jira. Shin ana biyan la'ada kafin bincike, ko in janye?