Wace gora ce za ta jure zaman fadama, kuma wane kofi zan iya ɗorawa a wuta?

Ɗan Fadama:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. Ni noman rani nake yi a gefen Auyo, alkama da 'yar albasa, kuma in lokacin ban ruwa ya zo ba kullum nake komawa gida ba, wani zubin kwana uku wani zubin huɗu ina bukka ina gadin inji, don in ka tafi ka bar shi ba kowa to sai dai labari. Matsalata abin zuba ruwan sha da abin dafa shayi. Bana kaɗai gora uku ta mutu a hannuna. Ta farko robar ruwan kanti ce mai lita ɗaya da rabi, da asuba lokacin sanyi na zuba mata ruwan zafi sai kawai ta yamutse ta ƙanƙance, ta biyu ta faɗo daga bayan babur a kan burji marfin ya tsage gida biyu, ta uku fulas ce na saye ta da tsada wlh, ko wata biyu ba ta yi ba ta daina riƙe zafi kuma bakinta ya fara yin ja. Kofi kuwa gwangwanin madara nake ɗorawa a kan duwatsu, yana yi, amma kwana kaɗan ya yi tsatsa shayi ya koma ɗanɗanon ƙarfe, ga ƙona hannu tunda ba mariƙi.

So nake in sayi abu ɗaya in huta, gora da za ta yi min shekaru da kofin da zan tafasa shayi ko in dafa Indomie ko in dama koko a ciki. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Gujungu. Me zan duba?

Mai Kwanuka:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni sana'ata ce wannan, ina bin kasuwanni da kayan kwanuka, Juma'a ina Wudil, to bari in gaya maka abin da nake gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni.

Mu a nan duk abin da ya yi fari yana ƙyalli sai mu ce silba, alhali kala biyu ne. Akwai alminiyam, shi ne mara nauyin nan da in ka danna da babban yatsa yake lotsawa, akwai kuma sitenles, ya fi nauyi ya fi tauri, in ka ƙwanƙwasa ƙararsa tana daɗewa. Kai sitenles za ka nema. Shi ma ba duka ne ɗaya ba. Ka juya gindin gorar ka duba, in ka ga an buga 304 ko 18/8 to wannan shi ne mai kyau na abinci, 18 da 8 ɗin nan kason ƙarafan da aka haɗa ne a ciki don kada ya yi tsatsa. Akwai mai lamba 201, ya fi araha kuma a ido ba ka bambance su, amma shi in ya sha ruwa mai ɗan gishiri ko kanwa-kanwa irin na wasu rijiyoyinmu sai ka ga ɗigon ja ya fara fitowa a baki da wajen walda. Ina kyautata zaton irinta ce fulas ɗin da ka saya. Kuma kar wani ya ruɗe ka da mayen ƙarfe wai in bai kama ba mai kyau ne, 201 ɗin ma ba ya kama ta sosai, gwajin nan ba ya raba gardama. Lambar ma ana buga ta ƙarya, shi ya sa ka sayi wajen wanda ka san gobe za ka same shi a rumfarsa.

Sai na biyu, kuma nan mutane suka fi yin kuskure: ka ɗauki mai falle ɗaya, kar ka ɗauki mai ninki biyu irin fulas. Fulas ƙarfe biyu ne da sarari a tsakani da aka zuƙe iskar ciki, shi ne yake riƙe zafi, in ta faɗi ta lotsa ko ta ɗan huje iska ta shiga shikenan ta zama gora mai nauyin banza. Kuma ba a taɓa ɗora ta a wuta, lalacewa take yi, tana ma iya fashewa. Mai falle ɗaya kuwa ko ta faɗo daga babur lotsawa kawai za ta yi ka ɗauki abarka, in ta kama ma ka cire marfin gaba ɗaya ka jingina ta a garwashi ka tafasa ruwa a ciki. Ka kula, sai an cire marfi, kuma wadda ba fenti a jiki ba shafe a ciki.

Baki ya zama mai faɗi yadda soso zai shiga. Marfi kuma na murɗawa mai zoben roba a ciki, ban da mai maɓallin dannawa, ban da mai tsinken zuƙa, waɗannan na 'yan makaranta ne. Gaskiya a shekarun da na yi ina wannan harka ban cika ganin gorar da jikinta ya fara mutuwa ba, marfi ne yake fara tafiya. Kafin ka ba da kuɗi ka ce a zuba ruwa, ka rufe, ka kifa ta ka girgiza da ƙarfi a gaban mai kayan.

Na Maigatari:

Na karanta wa Baba tambayarka, shi tsohon mai koren shanu ne, a ƙafa suke tasowa da dabbobi daga Maigatari su yi kwanaki a hanya. Ya ce in rubuta maka kamar yadda ya faɗa.

Ya ce yaro, su gorar duma suka riƙe da salka, kuma ruwansu ya fi na kowa sanyi, don salka tana ɗan tsattsafowa iska na bugunta ruwan ciki na yin sanyi, kamar dai randa. Ya ce ƙarfe ba ya yin haka, in ka ajiye gorar ƙarfe a rana a watan bazara kafin azahar ruwan ya zama na wanka. To dabarar ita ce ka samu yankin buhun algarara ko tsohon bargo ka ɗinke wa gorar riga, ka jiƙa, ka rataye a reshe ko bakin bukka inda iska ke wucewa. In ya bushe ka sake jiƙawa. Rigar kuma ita za ta kare ta in ta faɗi.

Maganar kofi, ya ce shi har yau ɗan kofinsa na goran ruwa yana nan, haka su suke kiran alminiyam, ya ce ya fi saurin tafasa kuma da kara uku ka gama shayi. Sai dai bai yarda a bar tsami ya kwana a ciki ba, tsamiya ko lemon tsami ko nono, cin jikin kofin suke yi ka ji abin ya canza ɗanɗano. Kuma ya ce kafin ka ɗora a wuta ka kwaɓa toka ko laka ka shafe bayan kofin kamar yadda mata suke yi wa tukunya, baƙin hayaƙin a kan shafen zai zauna, ruwa kaɗan ya wanke.

Maman Ilham:

Sannunku. Ni a ƙaramin asibiti nake aiki ta wajen Kura, manoman rani ne rabin masu zuwa mana, don haka ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga maganar saye.

Ɗan uwa gora lita ɗaya ba za ta riƙe ka kwana uku ba, ko wuni ba za ta kai ka ba in ana zafi, dole akwai jarkar da kake ɗura babban ruwa. Ita ce ta fi damuna. Don girman Allah kar ta zama jarkar maganin feshi. Na sha gani da idona, mutum ya gama feshin ciyawa ya ɗauraye jarkar sau biyu ya cika da ruwan sha, wai ai ba wari. Robar tana shan maganin, wanki ba ya fitar da shi duka. Haka ta fetur ko ta baƙin mai. Ka samu wadda man girki aka zuba mata tun asali, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, in ka duba gindinta za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, 2 ko 5 su ne masu ƙwari. Wadda ta yamutse maka lamba 1 ce, ba a yi ta don ruwan zafi ba sam.

Sannan in ruwan gida ya ƙare ka koma na kogi ko na kanal, alum da 'ya'yan zogale kwantar da laka kawai suke yi, ruwan ya yi garau amma ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba. Ka tace da tsumma mai tsabta, ka tafasa har ya yi ɓul-ɓul sosai na minti ɗaya cikakke, sannan ka juye a gora. Shi ya sa ni a ganina kofin ya fi gorar muhimmanci ma, kuma kar ka ɗauki ƙarami, ka ɗauki wanda zai ci ya kai kusan lita.

In ka zuba fura ko kunu a gorar ka wanke a ranar, har zoben robar marfin ka ciro shi ka wanke ƙarƙashinsa, nan baƙin datti yake taruwa mutane ba sa dubawa.

Sarkin Hanya:

Ni dai ban yarda a yar da fulas haka ba Malam Mai Kwanuka. Wanda ya taɓa tashi ƙarfe uku na dare a fadama cikin hunturu zai tayar da inji ya san darajar ruwan zafin da ba sai ka hura wuta ba. Tawa shekara huɗu ke nan, a cikin jaka nake sa ta tsakanin kaya ba na ɗaure ta a kariyar babur. In za ka saya ka roƙi mai shayi ya zuba tafasasshen ruwa ka rufe ka jira minti biyar ka taɓa jikinta, in ka ji ɗumi a tsakiya to zafi na fita, ajiye musu abarsu.

Ɗan Fadama:

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. A gaida Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, akwai tsohon bargo a gida yau ɗin nan zan yanka. Hajiya Maman Ilham jarkata ta man gyaɗa ce alhamdulillahi, amma maƙwabcina na gona irin waccan yake sha da ita, gobe zan nuna masa abin da kika rubuta. Fulas sai an yi girbi in da hali. Saura kofi Yaya Mai Kwanuka, ka ji Baba ya ce alminiyam kai kuma ka ce sitenles, wanne zan kama?

Mai Kwanuka:

Maganar Baba gaskiya ce, alminiyam ya fi saurin ɗaukar zafi kuma yana baza shi ko'ina, sitenles sirara kuwa wuri ɗaya yake yin zafi, in kana dama koko ba ka juyawa sai ya kama a gindi. Amma kai da kake ɗaure kaya a bayan babur tare da sifana da tiyo, ga lemon tsami a shayi, ni sitenles zan ba ka, ka dai rage wuta ka riƙa juyawa. In kuma alminiyam ɗin ka fi so to na kamfani, ban da irin wanda ake narka tarkacen gwangwan a zuba, ba ka san me aka haɗa a ciki ba, ana samun dalma a wasu. Samira ma a'a, tana faɗuwa fentin ya ɓantare tsatsa ta shiga.

Mariƙin ya zama ƙarfe zalla ba roba ko kaɗan, in ka samu mai naɗewa ya kwanta a jikin kofin ya fi, ka ja shi da ƙarfi ka ga waldar ba ta motsi. Ka nemi mai murfi don toka da ƙasa, in babu ko faifan silba ƙarami ya isa. Kuma gorar za ka fara saya, sai ka riƙe ta a hannu ka bi rumfuna kana gwada gindinta a cikin kofuna har ka samu wanda ta zauna a ciki daidai ba ta rawa, ka ga wuri ɗaya za su ci a jaka kuma kofin ya kare mata gindi. Ka tambayi mai gorar ko yana da marfi na daban ka haɗa da shi tun yanzu, in an kwana biyu samfurin ya wuce ba za ka samu wanda zai hau ba.