Wa ya taɓa rabuwa da babbar kwamfutarsa ya koma ƙarama? Ina neman labarinku kafin in sallama

Mai tambaya, daga Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da kwamfutar hannu irin manyan nan na wasa, inci 17, Core i7, RAM (ma'adanar da take riƙe aikin da ake kai) giga 32, da katin hoto na RTX. Na saye ta lokacin da nake haɗa bidiyon biki da suna. Yanzu na bar wannan sana'ar, aikin da na samu bai wuce cika tebur a Excel da rubuta rahoto ba, kuma kullum ina hanya tsakanin Mirriya, Matamai da Magariya. Ita kaɗai ta kusa kilo 3, ga sharjarta mai wat 230 kamar bulo. In na goya jakar a kan kabu-kabu, kafin in sauka kafaɗata ta sage. Wani ya taya: zai ba ni ƙarama ta hannu mai inci 14, ya yi mini cikon jaka 120 na sefa. Ban ce albarka ba, ban kuma sallama ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan furfure, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya.

Tsohuwar ɗalibar Jami'ar André Salifou:
Wa alaikumus salam yaya. Ni ba nauyi ne ya raba ni da tawa ba, kuran ne, wato wutar lantarki. Ka tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana nan Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli? Daidai lokacin nake rubuta memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu. Babbar da wana ya bar mini, in an ɗauke kuran ba ta kai awa biyu. Na haɗa ta da ɗan solan gidanmu, inbata ya yi ta kuka har na cire. Na sayar, na ɗauki ƙarama mai sharja wat 65 ta bakin USB-C. Wannan da batirin sola take cika, har da babban fawa-bank irin mai ba kwamfuta wuta. Dare guda na rubuta babi sukutum a tsakar gida, unguwa duk duhu. Na yi asara a kuɗin, ban musa ba, amma da ita na kare memuwar ɗin.

Mai gyaran kwamfuta, Zango:
Malam, bari in yi maka maganar wanda yake buɗe cikinsu kullum.

Manyan nan fanka biyu gare su, iska suke ja da ƙarfi don su huce. A Damagaram kuwa iskar da suke ja ƙura ce. In hunturu ya wuce aka kawo mini su, abin da nake cirowa daga bayan fanka kamar auduga ne. Sai bazara ta shigo, Afrilu da Mayu zafi ya haura 40, injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Saboda haka in aikinka Excel ne, ban ga laifin canjin ba.

Amma ƙaramar da za a ba ka, kada kyan jikinta ya ɗauke maka hankali. Sirara da yawa RAM ɗinsu a like yake da allon ciki, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. X1 Carbon haka take, MacBook Air ma haka. In giga 8 ka karɓa, da giga 8 za ku rabu. Su EliteBook 840 sun ɗan fi kauri, amma suna da ramin ƙara RAM, ni su na fi so wa mai shiga ƙauye. Ka fito daga 32, kada ka sauka ƙasa da 16.

Sai batir. Ka buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka sa powercfg /batteryreport. Zai fitar maka da lamba biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da abin da yake iya ɗauka yau. In tazarar ta yi yawa, abin da ka je nema ne babu. Ka kashe ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gaban mai ita, don waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin Turai wani lokaci da makullin sirri suke zuwa. Ka kuma dubi zuriyar injin. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zuriya ta 8 ta Intel yake farawa. "Core i7" kawai ba magana ba ce, akwai i7 da ya girmi ɗanka.

Jaka 120 kuwa ta yi kaɗan. Mai furfure sau biyu yake cin riba, a taka da a tasa.

Mai zanen gini, Birni:
Ni dai na yi, na kuma yi da-na-sani, laifina ne ba na kowa ba. Na gaji da ɗaukar kaya zuwa wurin gini, na ga MacBook Air mai M1 a hannun abokina, kilo 1.29, ba fanka ko ɗaya, shiru kamar littafi. Ban tambayi kowa ba na sayar da tawa na saye ta. Sai da na zauna zan yi aiki na tuna Revit, manhajar da nake zanen gini da ita, ba shi da na Mac. AutoCAD akwai, amma abin da nake cin abinci da shi babu. Wata biyu ina zuwa biron wani abokin aiki da dare ina aron tasa, ina saya masa shayi. Ƙarshenta na haɗa ta tebur a gida, ƙaramar kuma ta zama ta nuna wa masu gida zane. Kuɗi biyu ke nan. Ɗan uwa, ka ce ka bar bidiyo. Ka bari ne har abada, ko kasuwa ce ta ja baya? In bayan salla aka kira ka biki uku, da me za ka haɗa?

Wani daga Sabon Gari:
Ni ban san su RAM ba. Na canza, bayana ya daina ciwo, matata ta daina tambaya ko injin markaɗe na kunna a ɗaki.

Sakatariya a wani biro, Karkada:
Ƙanena, kowa ya yi maganar wadda za ka karɓa, ni ta wadda za ka bayar zan yi. Da na sayar da tawa na goge fayiloli ɗaya bayan ɗaya, na zubar da kwandon shara, na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana huɗu yaron da ya saya ya kira ni, ya ce Hajiya akwatin saƙonki a buɗe yake cikin burauza, ga kuma hotunan sunan jikarki a wani ɓangaren faifan. Allah ya sa ɗan mutunci ne, ya kawo mini har gida muka share tare. Da wani ne fa? A garin nan da kowa ya san kowa. Ka kwashe kayanka a faifan waje, ka fita daga duk asusunka, sannan ka mayar da Windows sabo ta zaɓin da ke share komai har da tsabtace faifai. Yana ɗaukar awanni, ka yi shi ranar da kuran ya zauna.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Maganar mai gyara gaskiya ce, jaka 120 ta yi kaɗan. Sai dai masu neman irin taka a nan ba su da yawa: masu bidiyo, masu zane, sai samari masu wasa, su kuma kuɗin ne babu. Ni tawa Kano na kai ta, ta Matamai da Daura, wajen kilomita 240. A Beirut Road, inda ake cinikin kwamfuta, cikin awa guda mutum huɗu suka taya. Sai dai naira aka ba ni, kafin in mayar da ita sefa in cire kuɗin mota da na kwana, abin da ya hau kan tayin Damagaram bai taka kara ya karya ba. In kana da wata hidima can, haɗa da ita. Don ita kaɗai kada ka tashi.

Wani abu kuma: kwamfutocin can jerin haruffan madannansu QWERTY ne. Mu da muka saba da AZERTY muna rubuta rahoto da Faransanci, sati biyu na yi ina neman é da ç, ina buga q a wurin a. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows a manna takardun haruffa, amma da zafin nan manne-mannen ba sa daɗewa.

Mai zanen gini, Birni:
In dai za ka sayar da kuɗi hannu, yi mini magana. Yaron da nake koya wa aiki yana nema.

Mai tambaya, daga Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na koma wurin mutumin da umarnin da mai gyara ya ba ni a rubuce a tafin hannu. Batirin ƙaramar bai kai kashi 60 cikin ɗari na asalinsa ba, RAM giga 8 a like, zuriya ta 7. Na ce albarka. Ya ƙara jaka 30, na sake cewa albarka, muka yi musabaha lafiya lau.

Tambayar malam na Birni ce ta hana ni barci. Gaskiya kyamarata na nan cikin akwati, ban sayar ba, kuma ban san dalili ba. Na ba kaina zuwa ƙarshen wata. Kafin nan zan kai babbar Zango a buɗe a share mata ƙura, tunda ko sayarwa zan yi sai ta fi daraja in ba ta huci. Malam na Birni, turo yaron ranar Asabar bayan la'asar ya gan ta. Hajiya, na sayi faifan wajen yau da safe.