'Yata ta ce "gaskiya suke faɗa", ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

'Yata shekarunta 14, tana JS2 a makarantar kwana ta 'yan mata. Baƙa ce kamar babanta. 'Yan ɗakinsu suka laƙaba mata "Gawayi", sunan ya bi ta har aji. Lokacin cin abinci sai su ja kwanukansu su bar ta ita kaɗai. Ranar ziyara wata ta ce kada ta shiga hoto, za ta ɓata musu shi. Ban san komai ba sai da ta dawo hutu. Yarinyar da ke cika mana gida da surutu ta koma shiru, daga ta 4 a aji ta faɗo ta 21. Jiya na tsinci man bilicin a ƙasan akwatinta. Da na tambaye ta sai ta ce, "Umma, ai gaskiya suke faɗa." Maganar nan ta hana ni barci. In cire ta ne, ko in je in sami yaran?

Maman Khalil: Innalillahi! Fara karɓe man, amma ban da faɗa. Da yawan irin waɗannan mayukan akwai sinadarin hydroquinone ko mercury a ciki, NAFDAC ta sha yin gargaɗi. Suna lalata fata, mercury har ƙoda yake taɓawa. In ta daɗe tana shafawa, likita ya duba ta.

Malama Hadiza: Shekara 16 ina koyarwa a makarantar kwana. Kada ki tunkari yaran da kanki, kina juya baya a kanta za su huce, su ce ta kai ƙara. Ki sami shugabar makaranta da matron, a canza mata ɗaki. Ki roƙi malamin addini ya yi musu darasi kan Suratul Hujurat aya ta 11 ba tare da ambaton sunanta ba. Ayar ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta kuma ambaci mata ƙarara.

Ummu Sultan: Malama, ki yi haƙuri, ni na ce in zango ɗaya ya wuce ba canji a cire ta. Saboda in'ina aka yi mini haka, gida aka ce in daure. Na daure shekara shida. Yau shekaruna 34, har yanzu jikina rawa yake in zan yi magana a taro. Da ba don wata ƙawa guda da ta riƙa zama kusa da ni ba, da ban gama ba.

Hajiya Iya: 'Yata, ki dubi gidanki ma. Wa ake yabo a gabanta?

Mai tambaya: Hajiya, kin sa ni kuka. Ƙanwarta fara ce, kowa "Balarabiya" yake ce mata, har da ni, ita kuma tana zaune tana ji. Yau da daddare zan zauna da ita in ba ta haƙuri. Ranar Litinin ni da babanta za mu makarantar. Ku sa mu a addu'a.