Tarin hunturu a Kano: wai akwai mai ƙirgawa kuwa?

Kawu: Salamu alaikum. Gida uku a layinmu yara duk suna kwance da mura da tari. Ni dai na ce babu mai ƙirga wannan abu a ƙasar nan. In ma ana ƙirgawa, ɓoyewa ake yi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ba su lafiya. Ana ƙirgawa. Tun 2008 ake sa ido kan mura mai zazzaɓi, wato infuluwenza, a wasu zaɓaɓɓun asibitoci: na Malam Aminu Kano, na Asokoro a Abuja, da wasu a Legas da Nnewi. Ana lakato majina daga hanci da maƙogwaro a tura ɗakin gwajin NCDC, wato Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, da ke Gaduwa a Abuja. Sakamakon na fita a rahotonsu na mako-mako, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma tana ɗora shi a FluNet, shafinta na intanet na bayanan infuluwenza.

Auta: Anti na buɗe FluNet ɗin. Najeriya ce dunƙule guda. Ina Gwale, ina Fagge?

Anti Nas: Ba za ka gansu ba. Amfanin gwajin shi ne a san wace irin ƙwayar cuta ke yawo, ba yawan masu tari a unguwarku ba.

Kawu: To ai kin dawo kan maganata ke nan, 'yata.

Anti Nas: A'a Kawu, ƙaranci daban, ɓoyewa daban.

Yaya Babba: Ni rabi ina tare da Kawu. Ku tuna Afrilun 2020, lokacin da masu haƙa kabari suka fara kokawa kan yawan mace-mace a Kano kafin hukuma ta ce uffan. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sila. Shi ma ta hanyar tambayar iyalan mamata aka gano, ba gwaji ba.

Anti Nas: Haka ne Yaya. Amma dubi tushen abin. Mai mura a garin nan kemis yake zuwa, ya sayi farasitamol da maganin tari ya koma gida. Wanda bai taka asibiti ba, ta ina zai shiga lissafi? Ko mu a asibiti, da zazzaɓi ya zo maleriya muke fara gwadawa.

Auta: Ƙura ce kawai fa, kowace shekara haka ake yi.

Anti Nas: Ƙura na sa tari da atishawa, amma zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki a gida uku lokaci guda ba aikin hazo ba ne. Kawu, kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ɗin nan na jihar Kano tana da jami'in sa ido kan cututtuka. A sanar da shi, ko a kira lambar NCDC, 6232, kyauta ne. Yaron da numfashinsa ke sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, a kai shi asibiti yau.

Kawu: Zan kira. In ba su ɗauka ba, ke zan nema.