Na ci bashi da ruwa saboda haihuwar matata, ina mafita?

Tela na Sabon Gari: Assalamu alaikum. Watan jiya aka yi wa matata tiyatar haihuwa, ba ni da ko sisi. Na ci bashin naira dubu 80 a wata manhajar waya, yanzu ya koma dubu 110, har sun tura wa surukina saƙo wai ni macuci ne. Na san kuɗin ruwa haramun ne, abin yana hana ni barci.

Malamin Ƙofar Doka: Ɗan'uwa, Allah ya raya. Ka tuba, ka lallaɓa ka biya. Amma su ma da alhaki a wuyansu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Maman 'yan biyu, Samaru: Malam, ina masu kuɗin unguwarsu lokacin da yake yawon nema? Tun cire tallafin mai a 2023 adashenmu ya watse. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne, bai kai bashin nan ba ma.

Tela na Sabon Gari: Gida uku na je, Hajiya. Ko'ina sai a ce Alhaji ya yi tafiya.