Karatu ta intanet: lacca tana shiga, ba ta zama

'Yar Runjin Sambo: Assalamu alaikum 'yan uwa. A NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, nake karatu, kusan komai ta waya ne. Ina sauraron lacca ina ganewa tsaf, bayan kwana biyu sai in nema in rasa. Wata ƙawata ta turo min wasu tambayoyi na amsa, sakamakon ya ce wai ni da ido nake koyo, in bar sauraro in koma bidiyo da zane. Ga tsadar data. In bi?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Wanga gwaji na san shi, VARK sunansa. Wani malami ɗan Niyu Zilan, Neil Fleming, ya fito da shi a 1987. Ya kasa mutane huɗu: masu gani, masu ji, masu karatu da rubutu, da masu sai sun taɓa da hannu. Ni ya ce mai ji ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ina ɗaukar muryata ina karanta darasi, in sa abin kunne ina saurare a Keke Napep. Ki bi kawai.

Malam na Dundaye: Ƙanena, a sassauta. Kowa yana da hanyar da ta fi masa daɗi, wannan ba gardama. Amma daɗi daban, kamawa daban. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa in an koyar da mutum ta "salonsa" zai fi cin jarrabawa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibar da za ta ce ita ba ta iya karatun littafi saboda waya ta gaya mata ita 'yar kallo ce. Kai kuma ina zaton abin da ke taimakonka ba kunnen ba ne. Kafin ka ɗauki muryar sai ka karanta, ka tsara, ka faɗa da bakinka. Aikin a nan yake.

Ɗan Mabera: To Malam, kun kashe min baki. Amma rikodin ɗina ba ni bari.

Anti Nas, Arkilla: Kar ka bari. Ni dai darasin ne ke zaɓa min hanya. Zagayawar jini a zuciya sai na zana da biro ja da shuɗi, ba wanda zai fahimtar da ni da baki. Auna hawan jini kuwa sai ka ɗaura abin a hannun mutum. Sunayen magunguna hadda ce zalla, su nake sa wa a Anki. Manhaja ce kyauta a Android, tana aiki ba data. Ki rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, wadda kika kasa ta dawo miki da ita da wuri, wadda kika iya ta jinkirta.

Baba Alaramma: Ɗiyata, mi ya hana ki yi yadda aka yi miki a makarantar allo? Yaro ba ya wanke allo sai ya juya shi ya biya wa malam da ka. Kuma ba a barin na baya, kullum da tilawa. Ki gama laccar, ki kife wayar, ki biya.

Malam na Dundaye: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ai kun gama magana. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa. A 2013 John Dunlosky da abokansa sun auna dabarun karatu 10, biyu suka fito a sama: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a ranaku daban-daban. Maimaita karantawa da ja wa layi kala suna can ƙasa, su ne kuwa ɗalibanmu suka fi so, don suna sa mutum ya ji kamar ya iya. Ki ɗauki farar takarda bayan lacca, ki rubuta duk abin da kika tuna, sannan ki buɗe littafi ki ga inda kika yi giɓi. Za ki ji haushi da farko. Ki sake gobe, ki sake bayan mako.

Maman 'Yan Biyu: Ni matsalata ba ido ba ce ba kunne ba, yara ne da zafi. A watan Afrilu wa zai zauna da waya da azahar, ita kanta tana ƙona hannu? Bayan asuba nake yi, minti 25 in huta 5. Ki sauke PDF da daddare lokacin da data ke araha, ki rage ingancin bidiyo zuwa 360p, muryar malam kike nema. Kuma ki rufe WhatsApp, har da wannan zauren namu.

'Yar Runjin Sambo: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Sai dai Baba, a allo akwai wanda ake biya wa. Ni wa zai ji nawa?

Anti Nas, Arkilla: Turo min saƙon murya na minti biyu ba tare da kin duba littafi ba, ni ma in turo miki nawa. Laraba da Asabar bayan isha'i sun yi miki?

Ɗan Mabera: A sa da ni. Wane kwas za a fara?