Neman shawara: an ce gadon gidanmu ne ya hana ni salama

Mai neman shawara, Yamai:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, akwai 'yan majami'armu a wannan zaure. Ni 'yar ƙasar Ƙwanni ce, aure ya kawo ni Yamai, ina zaune da yara uku, maigidana yana ci-rani a Abijan. Da ƙanƙara da zoɓo nake ɗan rufa wa kaina asiri, amma tun takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 da kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa cinikin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, abin da maigidan yake aikowa shi ma ya ragu.

Ba maganar kuɗi ce ta kawo ni ba. Barci ya ƙaurace mini. Tsakar dare sai in farka gabana yana faɗuwa, zufa ta jiƙe ni sharkaf. In durƙusa in yi addu'a, baki yana motsi amma zuciya a bushe. Ranar Lahadi ina tsaye cikin mawaƙa, kowa na tafi yana murna, ni kuwa Allah-Allah nake a tashi.

Kakata ta wajen uwa 'yar bori ce, goɗiyar Doguwa. Mahaifiyata ta karɓi Yesu tun tana budurwa, ni kuma cikin ikilisiya na tashi, an yi mini baftisma. Ƙanwar mahaifiyata ta kira ni daga gida ta ce gado ne yake nemana, tunda kaka ta rasu ba wanda ya ɗauka, in ba a yi mini girka ba ba zan ga daidai ba. Na kai kukana wurin wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa, shi kuma ya ce la'anar kakanni ce, in yi azumin kwana bakwai ba ci ba sha, in kawo jika hamsin a matsayin iri, sannan ya karya ta. Kun ga duka biyun abu ɗaya suka faɗa mini, wai a ɗaure nake.

Don Allah ku gaya mini gaskiya. Yesu ya 'yanta ni ko da saura? In ya 'yanta ni, ina salamar take? Har na fara tunanin sayar da firjin in kai kuɗin.

Dattijon ikilisiya, Tawa:

Ɗiyata, sannu. Kafin komai, kada ki taɓa firjin nan, abincin 'ya'yanki ne.

Ni ɗan arne ne gaba da baya. Mahaifina shi ke yanka a gindin tsamiyar gidanmu kafin a yi shuka, don haka ba zan ce miki iskoki tatsuniya ba ne, Littafi ma bai ce haka ba. Abin da ya ce shi ne an riga an ci su da yaƙi. Buɗe Kolosiyawa 1:13: Allah ya cece mu daga mulkin duhu, ya maishe mu cikin mulkin Ɗansa. Bai ce zai cece mu wata rana ba, aikin ya riga ya kammala. Ki wuce 2:14 da 15, takardar bashin da take kanmu an kafe ta a kan gicciye, an kwance wa masu iko ɗamara a bainar jama'a. To wane bashi ne ya rage da Doguwa za ta biyo ki da shi, ko mai wa'azi zai karɓa a madadinta?

Zancen gado kuwa tsoho ne. Mutanen Isra'ila suna da karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. A Ezekiyel 18 Allah da kansa ya ce a daina faɗarta, aya ta 20 kuma ta yanke: ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jika hamsin ɗin nan. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tunda ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Yana nan a Ayyukan Manzanni 8:20. Ubangiji kuma ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, su bayar kyauta. Ranar da mahaifina ya ba da gaskiya, mai bishara da dattawa biyu ne suka zo, aka tara layu da ƙahon da tukunyar tsafi a bayan gida aka cinna wuta, aka yi waƙa, aka sha fura, kowa ya kama gabansa. Ko dala ba a karɓa ba. Ya rayu har ya ga jikoki, ba abin da ya biyo shi. Tun 1924 da masu bishara suka sauka Damagaram, mutanenmu da dama daga irin waɗannan gidaje suka fito, da a ce sai da kuɗi ake kwance mutum da talaka bai shiga ba.

Wani matashi, Yamai:

Baba, da girmamawa, amma Fitowa 20:5 fa? Allah ya ce yana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Ni na ga gidajen da abu ɗaya yake ta maimaituwa, aure ba ya zama, yara suna mutuwa. Kuɗin kam kada ta bayar, amma azumin ina ganin ta yi. Yesu ma ya ce akwai irin da ba ya fita sai da addu'a.

Dattijon ikilisiya, Tawa:

Ɗana, ka yi daidai da ka kawo ayar, amma ka ƙarasa ta. Tsara ta uku da ta huɗu na waɗanda suke ƙinsa, haka aka rubuta. Aya ta 6 ta ce yana nuna ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa. Yarinyar nan da take tashi tsakar dare tana neman fuskar Allah, a wane layi za ka sa ta? Ka haɗa da Galatiyawa 3:13, Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu. Ban hana azumi ba, ni ma ina yi. Amma azumin ɗa da yake son ya zauna kusa da Ubansa daban, azumin wanda aka tsoratar yana ƙoƙarin biyan fansar kansa daban. Na biyun nan shi ne karkiyar bautar da Bulus ya ce kada mu sake sa wuya a ciki, Galatiyawa 5:1.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:

Yaya, ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Faɗuwar gaba da zufar dare da rashin barci, muna ganinsu kullum, kuma abubuwa da yawa suna kawo su: hawan jini, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, yawan shan shayi mai kauri da yamma, ko damuwar da ta daɗe tana cin mutum. Ki je likita mafi kusa da ke a auna jininki, ki faɗa musu duka yadda kika faɗa mana, kada ki rage. Kwana bakwai ba ruwa a zafin Yamai kuwa yana iya lalata ƙoda, ina roƙonki kada ki gwada.

Zuwa likita ba rashin bangaskiya ba ne. Asibitin Galmi da yake yankinku tun 1950 masu bi ne suka kafa shi, ana addu'a ana ba da magani a wuri ɗaya. Ki tuna Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan bai yi masa faɗa ba, bai ce ya ƙara azumi ba. Ya tashe shi ya ce ya ci, ga waina ga tulun ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake tashinsa ya ci. Sai daga baya aka yi magana a Horeb.

Wata uwa daga zumuntar mata, Yamai:

Ɗiyata, tambayarki ta biyu ce ta taɓa ni, wai ina salamar take. Bari in ba ki nawa.

Duk wanda yake garin nan ya san Asabar 17 ga Janairun 2015, kwana ɗaya bayan tarzomar da aka yi a Damagaram. 'Yan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai, mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. Majami'armu tana ciki. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya shigar da ni da yarana ɗakin matarsa ya tsaya a ƙofa, Allah ya saka masa da alheri. Da muka koma, kwanon rufi ya lanƙwashe, bencuna sun zama gawayi, na tsinci guntun Littafi da gefensa ya ƙone, ana iya karanta tsakiyar shafin. A ƙarƙashin rumfa muka riƙa sujada.

Mutane suna ta cewa mun gafarta, ni ma bakina ya faɗa. Amma na daɗe ko ƙarar babur na ji sai cikina ya juya, addu'a kuwa ta ƙi fita sam. Na zaci Allah ya juya mini baya. Matar fastonmu ce ta zaunar da ni ta karanta mini Zabura 88. Ki karanta ta yau. Daga farko har ƙarshe kuka ne, ba inda mai zaburar ya ce ya sami sauƙi, da duhu ma ta ƙare. Duk da haka Allah ya bar ta cikin Littafinsa, kuma da wa mutumin yake magana tun daga aya ta fari? Da Allah Mai Cetonsa. Ashe mai kuka a gaban Allah kusa da shi yake, ko da bai ji a jikinsa ba.

Abin da na gane ke nan, kuma shi nake so ki riƙe. Salama da Allah, Romawa 5:1 ta ce mun same ta ta wurin Yesu tunda an kuɓutar da mu ta bangaskiya. Wannan ba ta hawa ba ta sauka. Kwanciyar zuciya kuwa tana zuwa tana tafiya, yunwa tana taɓa ta, kewar miji tana taɓa ta, kukan yaro ma yana taɓa ta. Mai haƙa rijiya ba ya cewa ƙasa ba ruwa don igiyarsa ta gaza. Da Yesu ya ce salamarsa yake ba mu, ba irin ta duniya ba, a daren da za a bashe shi ya faɗa, Yohanna 14:27. Bulus kuma yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa zancen salamar da ta fi gaban ganewa.

In kin farka da dare kada ki tsaya binciken wa ya tashe ki. Kunna tocila, karanta Zabura 4 ko 91 da murya, a hankali. In kalma ta ƙare ki yi shiru, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Kuma ki daina ɗaukar kayan nan ke kaɗai. Ki gaya wa matar fastonku, ki bar mata biyu ko uku su riƙa zuwa suna addu'a da ke a ɗakinki.

Wani ɗan'uwa ɗan ci-rani, daga Adar:

Ni ma na yi zaman Abijan. Maigidanki ya san halin da kike ciki? Mu a can in kuɗi ya yi ƙasa kunya takan hana mu kira, matan kuma su yi shiru don kada su tayar mana da hankali, sai kowa ya zauna yana zargin an manta da shi. Ki gaya masa. Ku sa rana ɗaya a mako ku yi addu'a tare ta salula, ko gajeruwa ce.

Mai neman shawara, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na karanta Kolosiyawa har na yi kuka. Firji yana nan, gobe da safe zan je a auna ni. Saura abu ɗaya. Innata, ƙanwar mahaifiyata, za ta sake kira, ita ta goye ni, kuma na san tsoro ne da ƙauna suke sa ta. Me zan ce mata ba tare da na yanke zumunci ba?

Dattijon ikilisiya, Tawa:

Ki riga ta kira. Ki gaishe ta da kyau, ki tambayi ƙafarta da gonarta, ki gode mata da ta damu da ke. Sannan ki ce, Inna, ni ta Yesu ce kamar yadda yayarki take, girka ba zan yi ba, amma ina neman magani kuma 'yan'uwa suna tare da ni. Kada ki zagi kaka, kada ki shiga gardamar iskoki da ita, in ta matsa ki maimaita maganar cikin ladabi. In kin sami mai zuwa Ƙwanni ki aika mata sabulu da sukari da turmin zane in da hali, kaya dai ba kuɗi ba, don kada a kai su wurin masu garaya da sunanki. Mahaifiyarki in tana da rai ki sa ta cikin maganar, ta riga ki bin wannan hanya, ta kuma fi mu sanin ƙanwarta. Sakamakon likita kuma ki kawo mana mu ji.